Ragowar Fenti a Kan Gangunan Baba

Shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, na shaƙi fentin da ban taɓa shaƙar irinsa ba. Rumfar feshin motoci gare ni a Fagge, kwano huɗu a kan turaku da injin feshi ɗaya mai tari kamar tsohon mashayin taba. Duk jam'iyyar da ta sami wata tsohuwar bas sai ta turo mini ita in shafe ta da launinta. Da safe in fesa wa waɗannan, da la'asar in fesa wa abokan hamayyarsu, wani lokaci ma motocin biyu suna jere a rana suna bushewa, direbobinsu na hararar juna. Ni ba ruwana. In aka tambaye ni jam'iyyata sai in nuna injin feshi. In na koma gida Rijiyar Lemo uwar 'ya'yana takan ce ta san wanda na yi wa aiki yau daga launin da ke cikin hancina.

A bakin rumfar akwai wani benci da na haɗa da ƙyauren mota, kuma kusan kullum da hantsi akwai mai zama a kansa. Wani tsoho ne, mutumin kudancin Zariya, Kirista, wanda ya yi aikin reluwe har ya ajiye. A Sabon Gari yake zaune tun ban san hannun damana ba. Yakan fito ya nufi tashar jirgin ƙasa wajen tsofaffin abokan aikinsa, in ya iso wurina ƙafa ta gaji sai ya zauna ya huta. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ya san karatuna bai kai ya kawo ba. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya fi so shi ne ya ga na gama fesa ƙofar mota, ya karkata kai ya ce, "Malam, akwai hawaye a can ƙasa." In na duba kuwa sai in ga fentin ya zubo. Haushi yake ba ni, amma bai taɓa yin kuskure ba.

An gama zaɓe, an rantsar da sababbin shugabanni, aiki ya yi sanyi. Ran nan sai ga Baba tafe a bayan mai amalanke, an ɗoro buhuna biyar da wani abu mai faɗi a naɗe cikin tsohuwar tabarma. Aka sauke a gabana. Na buɗe buhun farko, ɓera ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙafafuna.

"Baba, shara ka kawo mini?"

"Ganguna ne," in ji shi.

Gangunan bature ne, irin waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu ya kaɗa da hannu biyu da ƙafa biyu. Akwai babbar, wadda ake kwantarwa a ƙasa a buga da feda kamar ta keken ɗinki. Akwai ƙanana biyu, da wata mai ƙafafu uku, da wata 'yar fale-fale ta ƙarfe mai wayoyi a gindi. Abin da ke cikin tabarmar kuwa fayafayan tagulla ne, sun yi kore shar don tsufa. Rigar roba mai walƙiya da aka lulluɓe katakon da ita ta kumbura ta tsattsage, tsatsa ta cinye notuna, fatar babbar gangar a yage take tun daga sama har ƙasa. Warin fitsarin ɓera kuwa ba a magana.

Na ce, "Na wa ne?"

"Nawa ne. Ni nake kaɗa su a kulob ɗin ma'aikatan reluwe, kafin soja su zo."

Na dube shi sama da ƙasa, wannan mutum da ko tafi ban taɓa ganin ya yi ba, na fashe da dariya. Bai ji haushi ba. Ya ce ai ba ni kaɗai ba ne, autarsa ma haka take yi masa. Yarinyar ta gama makarantar horon malamai, za ta auri wani malamin makaranta, kuma bayan biki da kwana uku za su hau jirgi su tafi Kafanchan inda mijin yake aiki. Tana 'yar shekara uku ya ajiye sanduna, kuma kiɗan kulob ba wurin da ake kai yara ba ne. In yana ba da labarin zamaninsa sai ta ce, "To Baba, mun ji," irin yadda ake ce wa tsoho in ya ce ya taɓa kokawa da kura.

"So nake ta ji ni sau ɗaya, a wurin bikinta, kafin ta tafi," ya ce. "Sati uku ya rage. Za ka iya?"

Ban tambaye shi me ya sa ya daina ba, shi ma bai faɗa ba. Na dai ce masa motar da ta faɗa rami ma na tashe ta, balle ganga. Ina da wannan halin, ba na iya jin an ce za ka iya in yi shiru.

Aikin ya fi ƙarfin bakina. Mota ƙarfe ce, in ta yi gardama ka sa mata guduma. Ganga kuwa katako ne falle-falle da aka lanƙwasa aka manne da gam, bai kai kaurin ɗan yatsa ba, in ka matsa masa sai ya yi ƙara kamar zai yi kuka. Kwana biyu muka yi muna kwance notuna. Baba ya kawo gwangwanayen madara, kowace ganga da nata gwangwanin, ya zuba kananzir ya jiƙa su. In na ɗauki noti na jefa a gwangwanin da ba nasa ba sai ya sa yatsa ya tsamo shi ba tare da ya ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Fayafayan tagulla da tsamiya da toka muka wanke su. Na so in sa musu injin gogewa su yi ƙyalli, ya riƙe hannuna ya ce in na cinye musu jiki na cinye musu murya.

Fata kuwa ba sana'ata ba ce. Akwai wani dattijo Bayarabe a bayan layinmu, haifaffen Fagge, Alhaji ne har da haƙorin Makka, wanda kakanninsa suka zo fatauci suka zauna, shi ke yi wa makaɗan kalangu fata. Ya zo ya zagaya babbar gangar sau biyu, ya ce bai taɓa ganin gangar da ake ɗaure wa fata da noti ba, lalle bature ba ya son wahala. Ya auna da igiya, ya tafi ya dawo da fatar maraƙi a jiƙe, ya naɗa ta a jikin zoben katako da bayan cokali. Shi da Baba suka yi ta musu a kan kauri, da Hausar da kowannensu ya karkatar ta gefen yaren gidansu, ni ɗan gari ina tsaye ina ba su ruwa. Alhaji ya ɗaga tsohuwar fatar da ta yage ya duba bakin yagar, ya dubi Baba, ya ce, "Wannan ba ɓera ba ne." Baba ya ce, "A'a."

Da na ɓare rigar robar na bi katakon da samfefa, sai ga shi fari sol, laushi kamar tafin hannun jariri. A nan na fara son gangunan. Ban san yaushe ba, sai na ga ina barin motar mutane a rana ina zaune da ƙaramar ganga a cinya ina shafa ta.

Saura kwana goma biki Baba ya ce zai je ƙauye ya taho da 'yan'uwansa da za su tsaya a ɗaurin aure, zai yi kamar kwana biyar. Na tambaye shi launin da yake so.

"Kai ne mai fenti. Kowanne ka ga ya dace, in dai ba baƙi ba."

To, a ƙarƙashin teburina akwai gwangwani biyu da suka rage daga aikin motocin wata jam'iyya, kore da ruwan ɗorawa. Wanda ya kawo aikin babban attajiri ne a kasuwar Singa, bai yarda da fentin kasuwa ba, daga waje ya sa aka kawo masa. Tun da na fara sana'a hannuna bai taɓa fenti mai kyansa ba. Yana kwanciya lumui, ba ya hawaye, in ya bushe kana ganin fuskarka. Na ɓoye ragowar ina jiran aikin da ya cancance shi, kuma a raina na ce ga shi ya zo. Wallahi abin da na gani ke nan. Wata shida na yi ina fesa launukan nan har idona ya daina ganinsu a matsayin na wani. Kore kore ne, ruwan ɗorawa ruwan ɗorawa ne, zaɓe kuma ya wuce.

Na yi shafi uku, ina bin kowanne da samfefar ruwa. Kore a jiki, ɗamarar ruwan ɗorawa a tsakiya, daidai yadda hannuna ya saba ja a jikin bas. Da suka bushe na mayar da ƙarafan, Alhaji ya zo muka ɗaura fatu, na jera su a cikin rumfa na rufe da zanin gado. Ko Alhaji da ya gani ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai na riga shi na ce, "Ka taɓa ganin fenti irin wannan?" Ya ce bai taɓa ba, ya tafi. Daga baya ya ce mini ya ɗauka Baba ne ya zaɓa.

Ranar Talata da hantsi Baba ya dawo. Na zaunar da shi a benci, na ce ya shirya, na yaye zanin kamar mai buɗe sabuwar mota.

Bai ce akwai hawaye ba. Ya miƙe tsaye, ya waiga titi hagu da dama, sannan ya karɓi zanin daga hannuna ya mayar ya rufe su da sauri, har yana tattare gefe da ƙafa.

"Wa ya gani?"

"Kamar yaya wa ya gani? Baba, fentin waje ne fa!"

"Malam, wa ya gani?"

Raina ya ɓaci. Kwana huɗu na yi a kan fentin nan, na hana kaina aikin da zai ciyar da gidana, ga tsoho yana rufe shi kamar abin kunya. Na faɗa masa maganganu. Na ce in bai iya godiya ba ya iya shiru, na ce dama ban yarda ya taɓa kaɗa ko gwangwani ba. Ya bar ni na gama, ya koma ya zauna, ya ce in zauna ni ma.

Ya ce a siyasar farko, kafin soja, wata jam'iyya ta ɗauki ƙungiyarsu haya su yi kiɗa a taronta. Su ba 'yan jam'iyyar ba ne, kiɗa kawai suka sani. Aka ɗaura wa babbar gangar ƙyallen jam'iyyar don ado, bayan taro ya manta bai kwance ba. Washegari da rana tsaka yana tura gangunan a amalanke zai mayar kulob, 'yan bangar ɗaya ɓangaren suka tare shi a kan titi. Ba su tambaye shi sunansa ba, ƙyallen suka gani. Suka sa wuƙa suka farke fatar, suka yi masa dukan da ya kwantar da shi wata biyu. Abokinsa mai busa ƙaho da ya zo raba su aka fasa masa baki, bai sake busa ba har ya mutu. Baba ya tura gangunan ƙarƙashin gado, matarsa ta sa ya rantse ba zai fito da su ba muddin ana siyasa. Soja suka zo, siyasa ta mutu, amma shi zuciyarsa ba ta dawo ba. Matar ta rasu. Sai yanzu da auta za ta tafi ya ga in bai yi ba shi ke nan.

"Layinmu ba su zaɓi masu wannan launin ba," ya ce. "Dangin angon ma haka. Har yau akwai gidajen da ba sa gaisawa. In na shiga farfajiyar coci da wannan, ba kiɗana za a ji ba. Kuma ba ni kaɗai zan kasance a wurin ba, Malam, 'yata tana wurin."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni da na fi kowa sanin launin kowa a garin nan, ni na shafa wa mutumin nan abin da ya kusa kashe shi, har ina jiran ya gode mini. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ba laifina ba ne, shi ya ce kowanne. Wannan ya ƙara mini nauyi.

Abu mafi sauƙi shi ne in fesa wani launi a kai. Na ce masa haka, ya girgiza kai. Ya ce ganga ba mota ba ce, ana bugunta, ana jan ta a ƙasa, ranar da ta ƙwarzane koren zai leƙo. Kuma ko bai leƙo ba, shi ya san yana ciki. Sai a cire.

Kwana huɗu ya rage. Muka sake kwance kome, notuna suka koma gwangwanayensu. Fentin da na yi ta yabo ya nuna mini kyansa, samfefa tana bi ta kansa kamar tana shafa gilashi. Ranar Laraba tun safe har la'asar muka cire na ƙaramar ganga ɗaya, yatsun Baba suka fashe. Na lissafa na ga ba za mu kai ba. Ranar Alhamis ya tafi tarbar baƙi, ni kuma na yi abin da na saba yi wa mota. Na jiƙa tsummoki da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, na lulluɓe babbar gangar da su, na zuba wani a kai don ya yi sauri, na tafi sallar azahar.

Da na dawo fentin ya tashi, ya yi yamutse kamar fatar tsohuwa, har na yi hamdala. Ina ɗaga gangar sai na ji ta saki a hannuna. Tinar ba ta tsaya a fenti ba, ta shiga inda aka haɗa bakin katakon ta cinye tsohon gam ɗin. Gangar ta buɗe baki, fallayen suka rarrabu kamar littafin da ya sha ruwa.

Na ɗauke ta a ka na ruga wurin wani kafinta a Sabon Gari wanda ke gyaran kujerun coci. Ya duba, ya tambaye ni ko da gatari nake sana'a. Ya ce za ta gyaru, amma sai katakon ya bushe sarai, a sa gam falle bayan falle, a ɗaure da igiya a bar ta. Litinin, in Allah ya so. Na ce Asabar ake biki. Ya ce to in gaya wa gam ɗin.

Ni na je na faɗa wa Baba da bakina. Na same shi a ƙofar gida cikin baƙi, na ja shi gefe. Na ce ko zai kaɗa ƙananan kawai. Ya ce babbar ita ce ƙasa, sauran a kanta suke tsaye, in ba ita zai zama kamar mai buga faranti, auta ta ƙara samun abin dariya. Ya dafa kafaɗata ya ce in zo biki, za a yi shinkafa.

Na je. Ban taɓa shiga farfajiyar coci ba sai ranar, na tsaya daga bakin ƙofa inda aka sa wa maƙwabta Musulmi benci. Matan zumuntar cocin suka yi kiɗan tulu suna waƙa, aka yi rawa, amarya ta fito cikin farin kaya tana dariya da kowa. Baba yana zaune a kujerar gaba cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya miƙe ya yi murmushi. Ni kaɗai na san abin da ya kamata a ce yana yi a wannan lokacin, kuma ni na hana. Na ajiye shinkafar ban ci ba.

Lahadi da Litinin na rufe rumfa ga kowa. Na cire sauran fentin da hannu, ba tina, ba gaggawa, har sai da yatsuna suka daina jin zafi. Kafinta ya kawo babbar da yammacin Litinin, da tabon gam a gefenta kamar ɗinkin asibiti. Ban fesa musu kome ba. Man katako na shafa musu, irin wanda kafintoci ke shafa wa kujera, shafi ɗaya. Ba su yi kyau ba. Katakon ya yi dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri ja, duk wanda ya gani ba zai ce mai fenti ne ya yi aikin ba. Alhaji ya zo ya mayar da fatu, bai yi mini tsiya ba, abin da na gode masa har yau.

Talata ce ranar jirgi, da la'asar zai tashi. Da hantsi sai ga Baba kamar kullum. Ya zagaya gangunan, ya shafa tabon da tafin hannu, ya ce sun yi. Ya ce zai ba matasan cocinsu, su sun fi shi ƙarfi.

Na ce, "Ba za su bar rumfar nan ba sai an gwada. Ban sani ba ko gam ɗin ya kama. Zauna ka ɗaɗɗaure su, bari in je in dawo."

Na hau kekena na nufi Sabon Gari. Gidan cike da mata ana ɗaure kaya, na tsaya a zaure na yi sallama na ce amarya nake nema. Ta fito da ɗankwali a hannu, ta gane ni, ta rusuna.

"Malam mai fenti, lafiya?"

"Malama, lafiya ba lau ba. Babanki ya so ya yi miki kiɗa ranar bikinki, ni na ɓata masa gangunan. Yanzu sun gyaru, yana rumfata. In za ku tasha ku biyo ta wurina."

Ta yi 'yar dariya. "Wai gangunan nan na ƙarƙashin gado? Malam, kai ma ya ba ka labarin?"

"Ba labari na zo ba ki ba. Sati uku tsohon nan yana goge tsatsa har yatsunsa suka fashe. Ko bai iya ba, ki zo ki tsaya."

Ban san da wace murya na faɗa ba, amma dariyar ta ɗauke. Ta ce za su zo.

Da na dawo tun daga kan kwana na ji rugugi. Na ɗauka wata babbar mota ce ke tafe, sai na ga masu faci da mai shayi da direbobi sun yi cincirindo a bakin rumfata. Na kutsa. Baba ya cire rigarsa ta sama, yana zaune a kan gwangwanin fenti, sanduna a hannu. Gaskiya hannun ya yi nauyi. Yakan fara ya ɓata, ya tsaya, ya ja tsaki, ya sake. Sanda ta kuɓuce masa sau biyu, ni na ɗauko masa. Amma in ya kama, ƙafa tana faɗin abu ɗaya, hannun dama wani, na hagu wani, duk kuma su haɗu su zama magana ɗaya. Kwanon rumfata har rawa yake. Mai shayi ya ce, "Wai tsohon nan ne na kan benci?" Na ce shi ne, kamar ni na haife shi.

Bayan azahar tasi ta tsaya, akwatuna a ɗaure a sama. Amarya ta fito da mijinta. Baba yana ganinta ya tsaya cak, ya dube ni, ya gane abin da na yi. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya goge tafin hannunsa a wando, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai.

Bai yi mai ƙarfin ba. Wani kiɗan ya ɗauko a hankali, feda na bugawa kamar tafiyar mai ɗauke da tulu, sandar dama tana taɓa faifan tagulla sama-sama, ta hagu tana shigowa inda ba ka zata ba. Wannan karon bai ɓata ba ko sau ɗaya. Ina kallon yarinyar. Da fari ta tsaya da murmushin nan na wadda ta zo don kada a ce ba ta zo ba. Can sai na ga ta ɗora hannu a ƙirji. Leɓenta ya fara motsi, tana bin kiɗan, kuma na lura tana riga shi, ta san inda zai juya kafin ya juya.

Da ya tsaya mutane suka yi tafi, ita ba ta yi ba. Ta tako ta cikin gwangwanaye da farin takalminta har gabansa.

"Baba, ai na san wannan."

"Ba ki sani ba. Kina 'yar shekara uku na daina shi."

"Na sani. Shi kake yi mini da yatsu a gadon baya in zazzaɓi ya kama ni. Bayan Mama ta rasu, kullum shi kake yi har in yi barci."

Baba ya dubi hannuwansa kamar na wani ne. Ya ce, "Ni?"

"Kai mana. Wani lokaci ma da gangan nake ƙin yin barci don kada ka daina."

Ta durƙusa a ƙasan rumfata, cikin ƙurar samfefa, ta kifa kai a gwiwarsa. Ni dai kuka na yi, a gaban direbobi da masu faci, ban kuma juya baya ba. Mijin ya dubi agogo, ya dubi mai tasi, ya rasa wanda zai yi wa magana. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, sake yi." Ya ajiye sandunan a kan ganga, ya ɗora hannu a bayanta, ya fara daga farko.